Kafin Ki Ɗora Hannu a Jikin Kowa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan kin riga kin fita dajin Anka lafiya, kin wuce Gusau, ƙafarki ta taka Abuja ba abin da ya taɓa ki. Allah Ya makantar da idon mugu ga barin motarku, Ya tsare direbanku daga gyangyaɗi da gaggawa, Ya sa waɗanda za ki sauka wurinsu su tarbe ki da sakin fuska.

Labarin gida ba zan ba ki ba, yanzu kika bar shi. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni da biro. Na rubuta ta ne don na san in da baki na faɗa, sai ki rungume ni ki ce, "Kai Inna, ke dai da tsoro," maganar ta bi iska. Takarda ba a rungumar ta ta yi shiru.

Ranar da kike haɗa kaya ina tankaɗe a bakin madafa, na ji hirarku ke da kawunki Sahabi a ƙarƙashin rumfa. Kin ce matar da ta koya miki aikin motsa jiki ta ja miki kunne: tunda ba wani ne zai ɗauke ki aiki ba, ke kaɗai za ki riƙa bin gidaje kina horar da matan mutane, to ki yi inshora kafin ki fara. Kika yi masa bayani cewa wani abu ne za ki riƙa zubawa, in wata ta ji ciwo a hannunki aka kai ƙara, su tsaya miki, in kuma ke ce kika karye kika kwanta, su riƙe ki har ki miƙe. Kawunki ya yi dariya har da tuɓe hula.

"Yau ga caca mai takardar shaida! Ke da ba ki ga kwabon fari ba, har kin fara biyan karayar da ba a yi ba? To haɗa da haƙorina, shi ma shina girgiɗi."

Kika taya shi dariya. Kika ce, "Ni ma haka na gani, Kawu. Bari in sayi tabarmin roba da ƙarafan ɗagawa tukuna. In mata sun taru sai in yi."

Rariya ta tsaya a hannuna.

Kin san abin da ya fitar da mu daga tungarmu ta bayan Abare ya kawo mu Gummi. Ba ɓoyayyen abu ba ne, ko a makaranta an taɓa jifar ki da shi kika dawo kina kuka. Amma kin san shi ne kamar yadda ake sanin tabo a jikin wani. Yau ina so ki san shi ta wajen mai hannun, domin sana'ar da kika ɗauka, ko da kin sa mata sunan boko da wando, tawa ce. Ni ma jikin mutane nake taɓawa, ni ma gida-gida nake bi, ni ma ba ni da ubangida.

A Zugu na koyi tausa wurin Gwaggo, yayar mahaifina. Ita ke yi wa masu jego wanka, ita ke murza targaɗe, ita ke warware bayan da noma ya ƙage. Man kaɗe ne da ruwan ɗumi da haƙuri, ba wani asiri. Da aure ya kai ni bayan Abare na tafi da sana'ar a hannuna. Kafin a daɗe ba gidan da ban san ƙuryar ɗakinsa ba. Yara suka fara ce mini Inna, iyayensu suka ɗauka, har tsofaffin da suka yi jika da ni in sun aiko sai su ce, "A kira Inna mai tausa." Sunana na yanka ya ɓace a tungar.

Na ji daɗin sunan, Saude. Na ɗauka rumfa ce. Na ce a raina wanda duk gari ke kira uwa, wa zai ɗaga masa yatsa? A nan na fara yin wauta. Ke ma za su raɗa miki sunaye masu zaƙi, wata ta ce Anti, wata ta ce ƙanwata, wata ta kwaso miki atamfa da turare ta ce kin zama 'yar gida. Ki karɓa ki gode. Amma kada ki jingina da shi. Sunan da aka ba ki da daɗin rai, na mai bayarwa ne, ran da ya so zai juya shi.

A shekarun nan ne zinari ya shigo mana har cikin gida. Maza su sauka rami su haƙo dutse, a kawo shi tsakar gida a buhu, mata su daka a turmin da muke daka hatsi, injin niƙa yana kuka a bakin tunga tun safe. Wata ƙura ce mai laushi kamar garin alkama take sauka a kan komai, kan tulu, kan shanya, kan gashin idon jarirai. Ba ta da wari. Ba ta sa tari sosai. Mun saba da ita har muna rubuta wasa da yatsa a kan faifai.

Agwagi ne suka fara. Tungarmu akwai agwagi da yawa saboda kududdufin da ake wanke garin dutse. Sai ki ga agwagwa tana tafiya ta tsaya, ta karkatar da wuya tana kallon sama kamar an kira ta, ta yi ta juyawa wuri ɗaya, ta kwanta. Ba jini, ba rauni. Wata safiya na fito na ji tungar ta yi wani iri, na daɗe a tsaye kafin na gane abin da ya ɓace: ba kukan agwagwa ko ɗaya. Na ɗaga kafaɗa na ce annobar tsuntsaye ce, na ɗauki kwanon man kaɗe na tafi aikina.

Yara kuwa ana ta kawo mini su. Wannan cikinsa ya ƙulle, wancan ba ya son abinci, waccan ta daina wasa sai ƙiwa. Ni kuma abin da na iya shi nake yi, in shafa mai in murza. Ban taɓa tsayawa na ce me ya sa duk lokaci guda ba. Ban taɓa tambayar uwa me yaron ya ci, ina yake wasa, tun yaushe ba. Hannuna ya riga bakina, kullum.

Ki ji ni da kyau a nan. Jikin mutum ɗaki ne mai duhu, kina bakin ƙofa ne kawai. Matar da za ta tsaya gabanki da ƙiba da sheƙin fata, ba ki san abin da ta kwana da shi ba. Wata an yi mata tiyata ɗinkin bai gama kamawa ba. Wata tana da shigar ciki ba ta gaya wa ko mijinta ba. Wata hawan jini ne da ita ta ajiye magani ta koma shayin rage tumbi da ta saya a waya. Ba za su faɗa ba sai kin tambaya, kuma ko kin tambaya wata za ta yi murmushi ta ce, "Ni garau nake." Ki tambaya dai. Ki sake tambaya. Ki sa ta rubuta da hannunta ko ta faɗa a waya ki adana. Wadda ranki bai kwanta da ita ba, ki ce ta ga likita tukuna, ko da za ta yi fushi ta nemi wata.

Maƙwabciyarmu Luba yarinya ce ƙarama a lokacin, da ɗiya guda, Kulu, wadda ba ta daɗe da iya magana ba. 'Yar fari ce, kuma Luba mai kunya ce ta gaske. Ba ta faɗin sunanta, ba ta ɗaukar ta a gaban mutane, ko faɗuwa ta yi sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga ta. Yarinyar ma Luba take ce mata, kamar yadda ta ji kowa yana faɗa, mu yi ta dariya.

Ranar da abin ya faru man inji ya ƙare, saboda haka tungar shiru take. Rana ta take tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Luba ta leƙo ta katanga.

"Inna, ko kina duba ƙafar yarinyar ga? Kwana biyu jan ta take."

"Faɗuwa ta yi?"

"Wa ya sani, ɗiyan yanzu kamar awaki."

"To ke fa, uwar akuya?"

Ta rufe fuska da gyale tana dariya. Na shiga ɗakinta, Kulu tana kwance a tabarma. Ina durƙusawa Luba ta ɗauki tulu ta ce za ta rijiya. Na san ba ruwa ta rasa ba, kunya ce, kada a ce ta tsaya a kan ɗiyar fari. Na bar ta ta tafi. Da na ce zauna, da ta zauna. Ban ce ba. Aka bar ni ni kaɗai da ɗiyar mutane a ɗaki mai ƙofa ɗaya.

Na shafa mai na fara daga cinya. Jikin ba zafi. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ido kawai ta kafe a rufin ɗaki. Can sai na ji wani abu a ƙarƙashin tafina, wani motsi siriri kamar kifi ya juya a cikin gora. Gwaggo ta sha gaya mini in jiki ya yi magana a ƙarƙashin hannunki, ɗaga hannun ki saurara. Ni kuwa na ce jijiya ce ke saki, na ƙara dannawa.

Sai bayanta ya lanƙwashe kamar baka. Ƙeya a ƙasa, diddige a ƙasa, cikin a sama. Baƙin idonta ya tafi, fari kawai ya rage. Haƙoranta suna ƙara. Na kira ta, na tofa mata addu'a, na rungume ta, jikin ya ƙi lanƙwasuwa kamar itace. Sai ta buɗe baki. Ba kuka ba ne, ba ihu ba ne. Wata murya ce a miƙe, ba hawa ba sauka, kamar mai kiran wani da ke nesa ƙwarai.

"Inna. Inna. Inna."

Ni ce na yi kururuwa, ni na tara wa kaina mutane. Mata suka cika ɗakin, aka fito da ita tsakar gida. Maza da suka dawo daga rami suka tsaya a bakin ƙofa, fuskokinsu fari fat da ƙurar dutse, idanu kawai ke motsi, sai ka ce waɗanda aka tono. Luba ta dawo ta tsaya can baya da tulu a kai, ba ta sauke ba. Yarinyar ba ta fasa kiran ba.

Wata tsohuwa ta ce, "Inna ta sha ta." Kin san abin da take nufi, iskar nan da mutanenmu ba sa faɗin sunanta don tsoro, suke ce mata Inna, wadda ake cewa ita ke shanye ƙafar yaro. Mata suka fara salati. Da a nan aka tsaya, da na koma gida na ci tuwona.

Sai wata murya daga baya, har yau ban san ta wa ba ce, ta ce, "Wace Innar? Ga ta nan durƙushe da mai a hannu. Yarinya ta kama suna."

Sai na ga da'irar ta buɗe, waɗanda ke kusa da ni sun ja baya kaɗan-kaɗan, mata suna jan 'ya'yansu bayan zane. A wurinmu an yarda cewa wanda maye ya kama wa kurwa, in ciwo ya tsananta, sunan mayen yake kira. Kuma wa aka bari da ita a ɗaki? Wa ya taɓa duk yaran da ke kwance a tungar? Kakan yarinyar ya matso, mutumin da na warware wa baya ba sau ɗaya ba.

"Mi kinka yi mata?"

"Baba, mai na shafa mata. Ga kwanon nan."

"To in ba ki riƙe komi ba, tsallaka ta. Tsallaka ki sake ta, mu ga."

Na waiga ina neman wanda zai ce a dakata, a kai ta asibitin Anka, a tambayi wanda ya sani. Mahaifinki yana wani rami mai nisa. 'Yan'uwana suna Zugu. Duk fuskokin da ke wurin na san su, na san ɗakunansu, na san tabon da ke cikin wasu, amma ba ɗaya da aikinta ne ta tsaya kusa da ni. In na ƙi, na amsa laifi. In na yi, na amsa laifi. Aka sa na cire mayafi da kallabi. Na ɗaga ƙafa na tsallaka ɗiyar mutane a gaban gari.

Ƙafata tana sauka, yarinyar ta yi shiru. Bayanta ya kwanta a ƙasa. Idonta ya dawo, ta dube ni.

Saude, na sani yanzu cewa jijjiga takan zo ta wuce da kanta, ma'aikatan lafiya sun gaya mini. Amma me ya sa sai a daidai wannan takun? Da ta ci gaba da jijjigar, wataƙila da an ce ba ni ba ce. Sauƙin da ta samu shi ya ɗaure ni. Har ni kaina, da na koma gida, na zauna ina juya hannuwana a cikin hasken ƙofa, ina duba ko akwai abin da ke cikinsu wanda ban sani ba.

Ba wanda ya doke ni, ba wanda ya kore ni. Abin ya fi haka sanyi. In na doso rijiya sai hira ta mutu. In na yi sallama a gida sai in ji an amsa daga ciki, ba a ɗaga labule ba. Yara da ke rugowa su kama mini zane, yanzu in sun hango ni sai su tsaya cik, su dunƙule hannu su ɓoye babban yatsa kamar yadda ake yi in an ga maye. Sunan bai canja ba, Inna dai suke cewa, amma ƙasa-ƙasa. Mahaifinki, Allah Ya ji ƙansa, bai taɓa furta komai ba, ya tsaya mini iyakar ƙarfinsa. Sai dai akwai ranar da na miƙa hannu zan taɓa goshinki kina zazzaɓi, na ga idonsa ya bi hannun. Bai hana ni ba. Ya bi shi da ido kawai.

Bayan an binne yara da yawa, waɗanda na taɓa da waɗanda ban taɓa ba, sai ma'aikatan lafiya suka zo. Suka ɗebi jinin yara, suka auna ƙasar tsakar gida, suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinari. Ita ta kashe agwagi, ita ke cikin kan yaran. Aka kankare ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa. Kulu ta rayu, amma ƙafar ba ta dawo ba, hankalin ma ya tsaya inda yake. Kina tsammani wani ya zo ya ce Inna yi haƙuri? Cewa suka yi dalma gaskiya ce, amma ai dalma ba ta kiran suna. Gaskiyar ta zo, sai dai ta zo bayan an riga an watse. Shi ya sa muka kwashe muka zo Gummi, mahaifinki ya koma noman shinkafa a fadama, ni na koma dakau da sayar da ƙuli. Kwanon man kaɗen a can na bar shi.

Za ki ce wannan ƙauye ne, Abuja ba a sa mutum tsallaka. Na yarda. Amma ki zana abin a ranki. Gida mai dogon bango, maigadi ya rufe ƙofa a bayanki. Maigidan yana ofis, yara suna makaranta, 'yar aiki tana kicin. Ke ce da matar a falo. Kin ce ta ɗaga, ta sunkuya, ta ƙara ɗaya. Sai ta dafe ƙirji ta zube. Wa ya gani? Mijin zai zo, 'yan'uwanta za su zo, kowa da waya a hannu yana ɗaukar fuskarki. Ke baƙuwa ce, 'yar Zamfara, ba wanda ya san gidanku. Tambayar da kakan Kulu ya yi mini ita za su yi miki, da Turanci. Tsallakarsu ofishin 'yan sanda ce, da kotu, da hotonki yana yawo a wayoyin mutanen da ba su taɓa ganin ki ba. Kuma wannan zai iya faruwa a kan mace ta farko, ba sai mata sun taru ba.

Don haka kada ki yarda a bar ki ke kaɗai da kowa. Ko 'yar aikin ce, ki ce ta zo ta zauna a bakin ƙofa. In matar ta ce ba ta son a gan ta tana tsalle, ki yi mata wasa ki ce ke ma ba kya son a gan ki, amma dokarki ce.

Maganar kawunki ta caca ta tsaya mini a rai, domin ba na so in tura ki ga abin da Allah Ya hana. Shekaranjiya bayan la'asar na je wurin malamin da ke yi mana karatu a unguwa, na zauna daga bayan asabari na faɗa masa komai. Ya ce malamai sun yi magana a kan inshora, akwai irin da suka ƙi, akwai kuma wadda aka tsara bisa taimakekeniya, ana ce mata takaful: kowa ya zuba da niyyar agaji, wanda tsautsayi ya faɗa wa a ɗauke masa daga ciki. Ya ce ki nemi wannan. Sai ya tambaye ni, "A da, in mutum ya yi ɓarna bisa kuskure, ya ji wa wani rauni ba da niyya ba, wa ke ɗaukar diyya?"

Na ce, "Danginsa."

Ya ce, "To ina dangin ɗiyarki?"

Kin san inda suke. Tun da ɓarayin daji suka matsa wa Zugu, wasu suna Bukkuyum a ɗakin aro, wasu suna Anka, wasu ba mu san inda suka faɗa ba. Shanun da ake kora ɗaya a kashe wuta in magana ta taso, an kore su duka. Kawun naki da ke dariya, Allah Ya bar mana shi, in aka kira shi aka ce Saude tana hannun hukuma, me zai sayar? Babur ɗin da yake kabu-kabu da shi? Haƙorin? Ba rashin so ba ne. Rumfar da kakanninki suka fake a ciki ce ta faɗi, ke kuwa za ki fita aiki a tsakiyar rana.

Ban ce inshora za ta hana jiki faɗuwa ba, wannan na Allah ne. Ban ce za ta rufe bakin mutane ba. Abin da na fahimta shi ne, ranar da da'ira ta buɗe kowa ya ja baya, akwai wanda dole ne ya matso, ko yana son ki ko ba ya so, domin aikinsa ke nan. Zai kawo lauya. Zai ce a dakata, a kira likita, a duba abin da ke cikin jinin matar tun kafin ki shigo gidan. Ni wannan kalmar kawai na rasa a ranar nan: a dakata.

In kin je wurinsu kada ki ji kunyar tambaya, kada Turancinsu ya sa ki gyaɗa kai. Ki ce, in a falon matar abin ya faru, ba a gidan motsa jiki ba, kuna ciki? In ta ɓoye mini ciwonta fa? In ni ce na faɗo daga babur a hanyar zuwa gidanta na karya hannu, wa zai ciyar da ni? Daga wace rana kuke fara tsaya mini, yau ko sai an jima? Abin da suka amsa da baki, ki ce su nuna miki shi a rubuce. In ba su nuna ba, ki tashi ki nemi wasu.

Da a nan zan tsaya. Amma akwai abin da ya faru satin da kika je Gusau karɓo takardar shaidarki, ban gaya miki ba don na rasa ta inda zan fara.

Da hantsi ina shanya ƙuli aka yi sallama. Wata mace ce a bakin ƙofa, ta rame, kafaɗarta ɗaya ta karkace, hannun dama yana rataye. Sai da ta ce "Inna" na gane ta. Luba ce. An tashi tungarsu, sun gudo Gummi, suna kwana a wani kango kusa da gulbi. Ta goyo Kulu a baya tun daga daji, budurwa guda, har kafaɗar ta goce. Kulu kuma ta cika a hanya.

Na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta ruwa, na yi mata gaisuwa. Sannan ta ce, "Har ta koma ga Allah, kalmar nan ɗai ta rage mata a baki. Kuma ni take kira."

Na ce, "Ai Luba take ce miki."

"A gaban mutane. In muna mu biyu a ɗaki, in na rufe ƙofa, ni na koya mata ta ce mini Inna. Ina son in ji. Ran nan ina tsaye da tulu na san wa take nema. In na ce ni ce, na tona kaina na rashin kunya, kuma a ce uwa ta ci ɗiyarta. Sai na yi shiru. Na ce ke babba ce, kina iya ɗauka."

Ban ji haushi ba, abin ya ba ni mamaki. Yarinya ce a lokacin, tsoro ne ya kama ta kamar yadda ya kama kowa. Ki riƙe wannan: ko wanda ya san gaskiyarki, ran da wuta ta taso, gemunsa zai fara shafa wa ruwa. Ba mugunta ba ce. Haka mutum yake.

Sai ta matso ta juya mini kafaɗar. Ta ce, "Ba ni da na asibiti. Kowa ya ce in ba ke ba, ba mai iya mayar da ita."

Na dubi kafaɗar. Daga inda nake zaune na ga inda ƙashin ya zame, na san inda zan sa babban yatsa, na san yadda zan juya. Aikin shan ruwa ne. Na ce wa hannuwana su tashi. Saude, suka ƙi. Suna kan cinyata kamar na wata. Gidan ba kowa, daga ni sai ita, kuma abin da kawai nake ji a kaina shi ne, in ta zube fa? Wa ya gani? Wa zai ce a dakata? Na tura hannuwan cikin hijabi. Na ba ta ƙuli da ɗan abin da zai kai ta wurin mai ɗori a kasuwa, na raka ta bakin ƙofa. Ta tafi a karkace, ba ta waiwayo ba.

Wannan nake jiye miki, fiye da kotu, fiye da 'yan sanda. Allah Ya ba ki hannu mai albarka, na ga yadda matan unguwa ke miƙewa in kin gama da su. Wanda ya faɗi sau ɗaya ba mai tare shi, ko ya tashi, tsoro ya riga ya cinye masa sana'ar. Ba na so wata rana mai buƙata ta zo har ƙofarki, kin san maganinta sarai, ki ɓoye hannu.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ban taɓa ɗora miki dole ba sai yau. Ƙarafan su jira. Ki cika gorunan ruwa da yashi, mata su ɗaga, nauyi dai nauyi ne. Ki fara da inshorar. In wata ta kira ki kafin ta kammala, komai girman gidanta, komai daɗin abin da ta ce za ta ba ki, ki ce mata uwarki ta hana ki taɓa kowa sai an gama. In ta yi dariya, ki bar ta ta yi. Ran da aka gama, ki kira wayar kawunki ki ce ya kawo mini, in ji daga bakinki. Sai a ranar zan ce ki fara, kuma sai a ranar zan sa wa aikin albarka.

Allah Ya tsare ki a ɗakin da ba kowa, Ya tsare ki a taron da ba naki. Ya sa duk jikin da kika taɓa ya tashi da ƙarfinsa. Ya tsare ƙashinki da numfashinki da mutuncinki, Ya haɗa ki da masu tsoronSa, Ya dawo mini da ke kan ƙafafunki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, kada ki hau babur ɗin mai gudu. Ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
daga Gummi.